Kogin Wudil Kafin Tiga da Bayan Tiga

Sana'ata rubuta manhaja ce. A daminar da ta wuce ina aikin haɗa taswira cikin wata manhaja ta masu kai kaya, da na zo gwaji sai na rubuta sunan garinmu, Indabo, don in ga abin da kwamfuta za ta nuna. Ta nuna ɗigo ɗaya da suna a gefensa. Na ja taswirar zuwa wajen kogin Wudil, sai ga shi kamar shuɗin zare, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, babu alamar yana da rani ko damina. Nan take na tuna da kakana, Allah ya jiƙansa. Shi a bakinsa koguna biyu ne a Wudil: akwai na kafin Tiga, akwai na bayan Tiga. In zai ba da labari sai ya fara tantance wanne yake nufi, kamar yadda ake tantance mutum biyu masu suna ɗaya.

Ni na bayan Tiga kaɗai na sani, haka ma duk sa'o'ina. Wannan rubutu ƙoƙari ne na bin sawun wancan kogi na farko, da mutanen da suka rayu a kansa, da abin da ya sauya shi. Dalilin da ya sa na ga ya kamata a yi shi yanzu kuwa, kwanan nan ana yawan maganar yawon buɗe ido a ƙasar Wudil, alhali mu masu wurin ba mu gama sanin abin da za mu nuna wa baƙon ba.

Inda dutse ya ƙare, rairayi ya fara

Indabo ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, tare da irin su Utai, Darki, Lajawa, Achika, Kausani da Dagumawa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 180. Garin Wudil kansa yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san gadar nan da ake hangen ruwa da yashi daga kanta.

Ruwan da ke bi ta ƙarƙashin gadar daga nesa ya fito. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudancin jihar, wajen Riruwai, ya ratsa dajin Falgore ya yo arewa. Kogin Challawa kuma daga yamma yake zuwa. Su biyun suna haɗuwa kudu da birni, kafin a iso Wudil, daga nan ne masu taswira suke kiransa kogin Haɗejiya. Mu dai kogin Wudil muke ce masa. Idan ya bar mu sai ya wuce Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar har ya faɗa tafkin Chadi. Bai taɓa ganin teku ba.

Akwai wani abu game da wurin da Wudil take wanda ido ba ya gani. Daga mafarin kogin zuwa wajenmu, ƙarƙashin ƙasa tsohon dutse ne mai tauri, wanda ba ya shan ruwa sosai, don haka ruwan sama yana gangarowa cikin kogi ya ƙara masa yawa. Daga wajen Wudil zuwa gabas kuwa ƙasar ta koma rairayi da laka masu zurfi na kwarin Chadi. A can kogin ba ya samun ƙari, sai dai ya riƙa rabar da abin da ya ɗauko: wani ya nutse cikin ƙasa ya cika rijiyoyi, wani ya malala fadama, wani rana ta shanye. Saboda haka masu auna ruwa suka daɗe suna ɗaukar Wudil a matsayin ma'auni. Abin da ya wuce ta ƙarƙashin gadarmu shi ne kusan duk rabon da mutanen Ringim da Haɗejiya za su samu daga wannan reshe.

Mashigi da kasuwa

Kogin kafin Tiga mai fuska biyu ne. Da rani yakan ƙafe ya bar faffaɗan yashi, sai 'yan gurabe masu zurfi da ke riƙe ruwa. Mata su tona yashi da ƙoƙo su sami ruwan sha, makiyaya su shayar da shanu, masu lambu su kafa jigo a bakin gaɓa. Da damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, sai ya cika ya batse, ya haye fadama ya shimfiɗa mata sabuwar laka. Kakana ya sha ƙetare shi da jakuna. Ya ce da rani ko wandonka ba ka naɗewa, amma da marka sai ka kwana biyu a bakin ruwa kana jiran masu fito, kaya a kwalekwale, dabbobi kuma a ja su suna iyo.

Wannan jira shi ne asalin arzikin wurin. Duk inda hanya ta gamu da ruwa, dole matafiyi ya sauke kaya, kuma inda aka sauke kaya nan ciniki yake farawa. Mai abinci ta zo, mai masauki ya samu, dillali ya shiga tsakani. Hanyar da ta haɗa Kano da Katagum da Borno ta wannan yanki ta ratsa. A watan Janairun 1824 Baturen nan Hugh Clapperton, bayan abokin tafiyarsa Dokta Oudney ya rasu a kusa da Katagum, ta Garko ya biyo ya ƙetare ruwan wannan ƙasa kafin ya shiga Kano. Abin da ya rubuta game da yankin hoton ƙasa ce mai garuruwa masu ganuwa, da gonaki, da kasuwanni masu ci. Kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, wadda kararta ta shanu take cikin manya a arewacin Najeriya, jikar wancan mashigi ce. Har gobe manyan motoci suna lodin shanu daga nan zuwa kudu, kasuwannin ƙauyuka irin ta Darki kuma suna ciyar da ita.

Kogin ya raba wa mutane sana'o'i. Masunta suna da Sarkin Ruwa, wanda shi ke faɗin ranar da za a faɗa gurbi da ranar da za a bar shi ya huta. Suna kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ƙawara, da koma da birgi da ƙugiya, wasu a kan gora suke iyo. Yumɓun bakin kogi ya haifar da ginin tukwane da tuluna da randuna, abin da aka san Wudil da shi har a birni. Fulani suna sauko da shanu fadama da rani, bayan girbi kuma su kwana a gonakin manoma su bar musu taki. Garuruwan da ba su jingina da ruwan kai tsaye ba su ma a kansa suke ci, domin dawa da gero da gyaɗar da suka noma a tudu kasuwar bakin kogi suke kai wa, su sayo kifi da tukunya da kayan miya.

Masu mulki ma sun san darajar wurin. A lokacin jihadi, farkon ƙarni na 19, Fulanin Joɓawa da ke zaune a Utai suna cikin manyan rundunonin da suka yaƙi Sarkin Kano Alwali, ƙarƙashin jagorancin Malam Bakatsine. Bayan nasara gidansu ya riƙe sarautar Makama, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano, tare da ƙasashe masu yawa a wannan kusurwa ta gabas da kudu. Daga tsakiyar ƙarnin yankin ya zama bakin daga, saboda hare-haren Ningawa da suka sa Sarki Abdullahi Maje Karofi ya riƙa zama a Takai. Da rikicin gadon sarauta ya tashi a 1893, bayan rasuwar Sarki Bello da naɗin ɗansa Tukur, Yusufu da 'yan'uwansa Takai suka nufa, kuma hanyar Takai ta wannan ruwa ta bi. Yusufu a Garko ya rasu a 1894, ƙaninsa Alu ya ja rundunar ya ci Kano. Bayan Turawa sun kama birnin a 1903 suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, a ƙarshe Wudil ta zama mazaunin Makama. Duk waɗannan sauye-sauye, daga jihadi zuwa basasa zuwa zuwan Nasara, sun sauya wanda ake kai wa haraji. Kogin kuwa bai fasa cikarsa ta Agusta ba.

1974

Abin da sarakuna da Turawa ba su taɓa ba, injiniyoyi suka taɓa shi. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka ba Audu Bako gwamna, mutumin da ya ɗauki tare ruwa a matsayin babban aikinsa. An fara gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a farkon shekarun 1970, aka gama a 1974, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka a faɗin Sahel. A lokacin da aka gama shi, tafkin yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Manufar a bayyane take: a shayar da birnin Kano, a kuma ba gonakin Kadawa da Kura ruwa, inda kashin farko na shirin noman rani ya tanadi kadada dubu 22. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a 1992 kuma aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Daga nan rassan biyu da ke ciyar da kogin Wudil duk suka koma ƙarƙashin makulli.

Adalci ne a faɗi alherin da aka samu. Wanda ya ga yunwar 1973 ba zai raina tafkin da ke riƙe ruwan shekara guda ba. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga nan suke. A wajenmu ma kogin da yake ƙafewa ya koma mai gudu rani da damina, saboda ana sakin ruwa daga sama. Da injin ban ruwa ya yawaita, musamman bayan shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990, jigo ya ɓace, lambu ya faɗaɗa, matasa da yawa da da can cin rani suke tafiya suka zauna gida suna noman albasa da tumatir da alkama. Kuɗin makarantar wasunmu daga wannan lambu ya fito.

Amma cikar Agusta ta ragu ƙwarai, kuma a kanta abubuwa da yawa suka dogara. Farfesa Emmanuel Olofin na Jami'ar Bayero ya yi nazarin yadda kwarin kogin Kano ya sauya a ƙasan Tiga: faffaɗan yashin nan ya tsuke, ciyayi da laka suka mamaye gefensa, ruwa ya koma bin siririyar hanya. Fadamar da ta saba samun sabuwar laka kowace shekara ta koma jiran takin zamani. Kifaye da yawa cikin ambaliya suke hayayyafa, a ruwa mara zurfi da ya haye ciyawa, don haka da ambaliyar ta ragu kamun ya ragu. Makiyayin da ya saba sauka fadama da rani ya tarar an shuka ta har bakin ruwa, burtali ya toshe, daga nan ƙananan rigingimu suka fara yawa. Ga kuma ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da ke gangarowa cikin kogin Challawa, ga tifofin da ke kwasar yashi dare da rana don ginin birni. Ita ma ambaliyar ba ta tafi gaba ɗaya ba, sai dai ta daina zuwa a kan lokacin da aka san ta. A 2001 ruwa ya ci gidaje da gonaki a Wudil da maƙwabtanta har zuwa Jigawa, kuma ya sami mutane sun riga sun yi gini da shuka a inda kakanninsu ba sa yarda su kwana da damina.

Mutanen ƙasa da mu sun fi mu ɗanɗanawa. A fadamun Haɗejiya da Nguru filin da ruwa yake rufewa kowace shekara ya ragu sosai. Ruwan da ya koma gudu a hankali duk shekara ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse dindindin, wani ya bushe, tsuntsayen janbaki kuma suka sami mafaka suna cinye hatsi. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka wallafa lissafin da ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan idan aka bar shi ya malala fadama, wato noma da kifi da itace, ya fi abin da yake samarwa a manyan gonakin ban ruwa na sama. Lissafin ya zo bayan an riga an zuba kankare.

Wannan labari ba namu kaɗai ba ne. Shekara guda bayan Tiga, a 1975, Indiya ta fara aiki da madatsar Farakka a kan kogin Ganges, 'yan kilomitoci kafin ya shiga Bangladesh, don karkatar da ruwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kolkata. Ƙauyukan Bangal da ke ƙasa, inda ake kiran kogin Padma, suka wayi gari ruwan rani ya ragu, kifi ya ja baya, kwalekwale yana kafewa a yashi. Sai a 1996 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar rabon ruwa ta shekara 30. Masuncin Padma da masuncin Wudil ba su san juna ba, amma a shekaru biyu a jere aka yanke wa kowannensu hukunci a wani ofishi da bai taɓa shiga ba.

Me za mu nuna wa baƙo?

Yanzu Wudil ba ƙaramin gari ba ce. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha ta fara aiki a nan a 2001, wadda a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda. Dubban ɗalibai daga ko'ina a Najeriya suna zaune a bakin wannan kogi shekara huɗu ko biyar, da yawansu kuma suna tafiya ba su san sunan Sarkin Ruwa ba. Idan aka tashi maganar jawo baƙi, abin da aka fi kawowa shi ne a gina wurin shaƙatawa a bakin ruwa, da otal, da jiragen wasa.

Kano ta taɓa gwada wannan. A zamanin Audu Bako aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina Rock Castle a kan dutsen Tiga. Madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, otal ɗin kuma daga baya ya zama harabar Makarantar Horar da Lauyoyi. Na Tiga ya shafe shekaru babu baƙi. Gine-ginen ba su da laifi, sai dai an dasa su ne a wurin da babu wata rayuwa ta mutanen gari da ke riƙe da su. A gefe guda ga Argungu. Bikin kamun kifinta ya samo asali daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu ga Kabawa, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Abin da mutane ke zuwa gani a Matan Fada sana'ar masunta ce da suka gada, da ikon Sarkin Ruwa, da ƙa'idar hana kamu har ranar biki. Ko da bikin ya yi shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020, bai mutu ba, domin masu shi suna nan.

Irin wannan dukiya muna da ita. Karar shanu ranar Juma'a da hantsi abin kallo ce da ba a gina ta don kowa ba, da yadda dillali yake kama hannun mai saye su yi ciniki. Akwai matan da ke gina randa ba tare da wani inji ba, akwai masu ɗinkin hannu, akwai Utai da tarihin Joɓawa, akwai hanyar da Yusufawa suka bi zuwa Takai wadda za a iya bi a yini ɗaya a mota. Amma duk waɗannan a kan abu biyu suke tsaye: ruwa mai rai, da mutanen da suka san labarin. Robobi suna korar tukwane. 'Ya'yan masunta da yawa sun koma acaɓa da lodin yashi. Wanda yake da shekara 15 lokacin da aka rufe Tiga yau ya haura 60, kuma su ne na ƙarshe da suka ga kogin farko da idonsu.

A nan ne nake da laifi na kaina. Shekarun ƙarshe na kakana ina da waya mai ɗaukar murya a aljihuna. Na sha zama kusa da shi yana lissafa sunayen gurabe, da wane ne ba a shiga sai an yi shiri, da shekarar da ruwa ya kai gindin wace tsamiya. Ban taɓa danna maɓallin ba, kullum ina cewa sai na dawo hutu na gaba. Ni da nake cin abinci da adana bayanan kamfanoni, na bar wannan ya tafi. Yau ko sunan gurbi uku ba zan iya kawowa ba.

Don haka abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa da na kwamfuta da ke Wudil su fita mazaɓun nan goma, su zauna da tsofaffin masunta da masu fito da magina tukwane da ardo-ardo, su ɗauki muryarsu da izininsu. A rubuta sunan kowane gurbi da mashigi da fadama da burtali, a sa su a taswirar da kowa zai iya buɗewa, da Hausa. A nemi hukumar da ke riƙe da makullin Tiga da Challawa ta riƙa sanar da ranar sakin ruwa ta rediyo da saƙon waya, ta kuma saurari shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ta sakin ruwa mai yawa da damina don fadama ta sha. Idan aka yi haka, duk baƙon da ya zo zai tarar da mai ba shi labari, kuma labarin zai zama gaskiya.

Na fara nawa. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Wudil, na sami wani dattijo da ya yi fito a ƙuruciyarsa yana gyaran koma a inuwa. Na gaishe shi, na ce, Baba, so nake ka ba ni labarin kogi. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni wanne daga ciki. Na ce na farkon. Ya ajiye komar, ni kuma na danna maɓallin.